Kyaftin Chari Maigumeri: Samanjan da Ya Ga Yaƙin Duniya Biyu

Gabatarwa

Gidaje da yawa a unguwanninmu na ƙetaren kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har zuwa Nasarawa da Barnawa, suna da soja a cikin kakanninsu. Wani aikin soja ne ya kawo kakansa Kaduna tun farko. Wani kuwa sai bayan an sallami kakan nasa daga yaƙi ya zo neman abin yi a tashar jirgin ƙasa ko a masaƙa, ya kafa gida, ya hayayyafa. Amma in ka tambayi jikokin nan, waɗanda yau suke zaune a Abuja da Legas da Kano da Fatakwal, wace bataliya kakansu ya yi wa aiki, ko wace ƙasa ya taka, ko mece ce lambarsa, amsar ba ta wuce cewa ya je yaƙin Hitila. Daga nan labari ya tsaya.

Wannan ne ya sa a fitowar bana muka ga ya dace mu kawo tarihin marigayi Kyaftin Chari Maigumeri, ɗaya daga cikin mashahuran sojojin da ƙasar nan ta yi a zamanin Turawa. Hanyar da ya bi, daga Kamaru zuwa Gabashin Afirka, daga Habasha zuwa Burma, ita ce hanyar da dubban kakanninmu suka bi. Bambancin kawai shi ne tasa an rubuta ta, tasu kuwa tana nan a warwatse cikin tsofaffin akwatuna da bakin tsofaffi. Duk wanda ya san tarihin wannan bawan Allah, ya sami taswirar da zai bi ya nemo na gidansu.

Asalinsa da zamanin da ya tashi

Chari Maigumeri mutumin ƙasar Barno ne, sunansa ma ya nuna haka, domin Magumeri gari ne sananne a arewa maso yammacin Maiduguri. A wancan zamani, in saurayi ya zo shiga soja, magatakarda yakan rubuta sunansa na yanka, sa'an nan ya liƙa masa sunan garin da ya ce ya fito, ya kuma rubuta su yadda kunnen Bature ya ji. Ta haka rajistocin soja suka cika da wane Kano, wane Katsina, wane Bauchi, wane Dikwa. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa a gaba.

Ya tashi ne a lokacin da Barno take cikin ruɗani. Rabe ya ci ƙasar a 1893, ya kafa mazauninsa a Dikwa, har zuwa 1900 da Faransawa suka kashe shi a Kusuri. Bayan haka sai Turawa suka yi wa tsohuwar daular Shehu rabon gado. Ingilishi suka ɗauki kaso mafi girma, Faransawa suka ɗauki nasu, Jamusawa kuma suka sami Dikwa da kewayenta, suka haɗa da ƙasarsu ta Kamaru. Iyakar da aka ja a takarda can Turai ba ta hana talaka zuwa kasuwar da ya saba ci ba, ba ta kuma raba shi da danginsa na ɗaya gefen ba. Saurayi mai jini a jika da yake neman abin kansa yana da barikin Ingilishi a yamma, yana da barikin Jamus a gabas, kowannensu yana ba da kaki da bindiga da albashi. Chari yana ɗan saurayi ya shiga sojan Jamus, gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko.

A ƙarƙashin tutar Jamus

Da yaƙi ya tashi a Turai cikin watan Agusta na 1914, nan da nan wutarsa ta iso bakin kogin Binuwai. Babbar tungar Jamusawa a arewacin Kamaru ita ce Garwa, wadda take gaba da Yola in an bi kogi sama. Sun haƙa ramuka a kan tuddan garin, sun gina ganuwa, sun kewaye ta da waya mai ƙaya. A ƙarshen watan Agusta wata runduna ta taso daga Yola a ƙarƙashin Laftanan Kanar Maclear ta auka wa tungar da dare, amma aka mai da ita baya da mummunar hasara, shi kansa Maclear a nan ya kwanta dama. Sai a shekarar da ta biyo baya Ingilishi suka komo a ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da taimakon Faransawa da wata babbar igwa ta jirgin ruwa da aka hauro da ita ta kogi. Bayan an yi kwanaki ana ruwan wuta, Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. Tunga ta ƙarshe da ta rage a hannun Jamus ita ce ta kan dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben ya daure har watan Fabrairu na 1916.

A cikin wannan yaƙi na arewacin Kamaru Chari ya fara nuna ko shi wane ne. Marubuta tarihin sojan Nijeriya sun ruwaito cewa Jamusawa sun ba shi lambarsu ta bajinta mai suna Iron Cross saboda tsayuwar dakan da ya yi a gaban sojan Ingilishi. Abin lura a nan shi ne, waɗanda yake harbi kuma suke harbinsa, in ka ɗebe 'yan tsirarun hafsoshi farar fata, duk 'yan ƙasa ne: Hausawa da Barebari da Fulani da Yarabawa da mutanen tsakiyar Nijeriya. Mai yiwuwa ne mutum biyu da suka ci kasuwa ɗaya suna yara su tsinci kansu a ramuka biyu masu fuskantar juna, a kan rigimar da aka ƙulla a Balin da Landan. A 1915 Chari ya faɗa hannun Ingilishi, ya zama fursunan yaƙi.

Sauya kaki

Shekara biyu bayan haka, wato a 1917, sai ga shi ya sa hannu ya shiga Rundunar Nijeriya, wadda take reshe ce ta babbar rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma da Gwamna Lugga ya kafa a 1897. Ingilishi suna cikin tsananin bukatar horarrun mayaƙa, sun kuwa ga irin aikin da sojojin Jamus baƙar fata suka yi musu a Garwa, saboda haka ba su yi ƙyashin ɗaukar wanda ya yarda ba.

Kada mai karatu na yau ya yi saurin yanke masa hukuncin cin amana. A 1917 ita kanta Nijeriya shekararta uku da haɗewa, ba ta da tuta tata, ba ta da sojan da za a ce nata ne na kanta. Soja a lokacin sana'a ce, amanar mai sana'ar kuwa tana ga rantsuwar da ya yi da abokan da yake kwana da su a rami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Chari ya yi wa Jamus aiki har ranar da aikin ya ƙare, da ya ɗauki sabuwar rantsuwa kuma ya riƙe ta shekara 36.

Shekarar 1917 ɗin nan tana da muhimmanci a tarihin garinmu. A cikinta ne aka kammala dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, bayan sojoji sun riga kowa tarewa tun 1913. Ashe ke nan Kaduna bariki ce kafin ta zama birni. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta nan, daga baya kuma layin gabas ya zo ya haɗu da shi a babbar tashar da take wannan gefe namu na kogi. Ta wannan tasha sojoji masu ɗimbin yawa suka shiga jirgi zuwa bakin teku, ta nan kuma waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka sauka.

Aikinsa na farko a sabon kaki shi ne yaƙar tsofaffin iyayengijinsa. A Gabashin Afirka, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck ya hana Ingilishi sakat da 'yar ƙaramar rundunarsa. Birged ɗin Nijeriya ta sauka a Darussalam a watan Disamba na 1916. A daminar 1917 ruwa ya yanke hanyoyi a kwarin kogin Rufiji, abinci ya yanke, yunwa da zazzaɓi da atini suka yi wa sojojinmu ɓarnar da harsashi bai yi ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi gumurzun Mahiwa, wanda yake cikin mafi muni a duk yaƙin Afirka, 'yan Nijeriya da dama suka kwanta a can. Cikin wannan fage aka jefa Chari, ya kuma fito da ransa. Birged ɗin ta komo gida a farkon 1918.

Samanja

Bayan yaƙi ya ci gaba da hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, daga kofur zuwa saje, daga saje zuwa samanjan kamfani. A ƙarshen shekarun 1920 ya zama babban samanja na Bataliya ta 3 ta Rundunar Nijeriya, muƙamin da ya riƙe fiye da shekara 20.

Yaran yanzu sun fi sanin kalmar samanja ta wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama da marigayi Usman Baba Pategi ya shahara da shi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Yana da kyau su san nauyin da muƙamin yake ɗauke da shi a wancan zamani. Hafsoshi duk Turawa ne, sukan zo su yi 'yan shekaru su koma. Babban samanja shi ne wanda ba ya tafiya. Shi ya san kowane soja da sunansa da garinsu da halinsa. Shi ne mai karɓar kurtu da aka horar a Zariya ya mai da shi soja. Shi ne mai tsara fareti, mai duba tsabtar bariki, mai raba faɗa, mai sasanta soja da iyalinsa tare da magajiyar bariki. In sojoji suna da kuka, ta bakinsa yake isa kunnen kanar. In kanar yana da umarni mai ɗaci, shi zai san yadda zai faɗe shi a karɓa. Sabon hafsa da ya sauko daga jirgi, ko da yake a takarda yana gaba da samanja, in yana da hankali wurinsa yake koyon aiki.

Harshen bariki a lokacin Hausa ne. Da ita ake koyar da kurtu ko daga wace ƙabila ya fito, har hafsoshi Turawa ma sai sun ci jarrabawar Hausa. Kalmomin da muke amfani da su yau ba tare da mun lura ba, irin su soja da bariki da kurtu da kofur da saje da fareti, duk daga wannan zama suka shigo harshenmu. Kayan ado na fareti kuwa su ne jar dara mai tuntu, da 'yar shara ja a kan kaki, da ɗamara, da alamar bishiyar kwakwa. Takalmi babu. Da ƙafa huhu sojojin Nijeriya suka yi ta fareti da sintiri har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiyar da ba ta da daɗi. Komai ƙwazon baƙin mutum, komai yawan yaƙin da ya gani, samanja ne iyakarsa. Ba a fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa ba sai a ƙarshen shekarun 1940. Albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kai na takwarorinsu Turawa ba ko kusa. Mutumin da ya isa ya ja bataliya, haka ya shekara ashirin yana sara wa samarin da ba su kai 'ya'yansa ba.

Daga Mogadishu zuwa Habasha

Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a gefen Hitila cikin watan Yuni na 1940, sai aka kwashi Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Rundunar Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Kenya, inda aka haɗa su a Birged ta 23 ƙarƙashin Birgediya Smallwood. Italiya tana riƙe da Somaliya, ta kuma mamaye Habasha tun 1936, ta kori Sarki Haile Selassie. A farkon 1941 Janar Cunningham ya ba da umarnin kutsawa. Bayan an ƙetare kogin Juba, sojojin Nijeriya ne aka sa a gaba, su ne kuma suka shiga birnin Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941.

Daga nan suka juya arewa suka ratsa hamadar Ogaden a motoci, cikin rana mai ƙuna da ƙarancin ruwa. Suka kama Jijiga a tsakiyar watan Maris, suka fasa mashigin dutsen Marda, suka wuce Babile, suka shiga tsohon birnin Harar kafin watan ya ƙare. Tafiyar kusan mil 1,000 ce cikin kimanin wata guda, har yau kuma masana yaƙi suna lissafa ta cikin kutse mafi sauri da aka taɓa yi. Addis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. A wannan yaƙi ne aka ba Samanja Chari lambar bajinta ta Ingila wadda ake taƙaita sunanta da MM. Ya zama ke nan ƙasashe biyu da suka yi gaba da juna har sau biyu, kowace ta shaida jaruntakar mutum ɗaya.

Dazukan Burma

Ba su daɗe da komowa gida ba sai ga wani kiran. Japan ta mamaye ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar, tana barazana ga Indiya. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma. Runduna ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ita ce ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, birged ɗinta guda kuma aka haɗa ta da mayaƙan Chindit masu sauka a bayan abokan gaba. Runduna ta 82 alamarta māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, a cikinta kuma Bataliya ta 3 take. Gammon nan ba ado ba ne. A tsaunukan Arakan babu hanyar mota, saboda haka dubban sojoji marasa bindiga ne suke ɗaukar harsasai da igwa da abinci a ka, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri da laima. In kakanka ya ce dako ya yi a Burma, kada ka raina shi, domin a kan wuyansa rundunar ta yi tafiya.

A watan Disamba na 1944 Runduna ta 82 ta gangara kwarin kogin Kalapanzin, ta kama garin Buthidaung. A watan Janairu na 1945 ta haɗu da Runduna ta 81 suka ƙwace Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Daga nan aka ci gaba da fafatawa a Dalet da Tamandu da hanyar An, cikin duhuwar gora da ruwan sama da matsattsaku da cizon sauro, da abokin gaba wanda bai san miƙa wuya ba. Chari, wanda a lokacin ya manyanta, yana cikin waɗanda suka sha wannan wuya, a 1944 kuma aka ƙara masa lambar Daular Biritaniya, wato BEM. Mutanen gida ba su manta da su ba: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana isa hannunsu, Sarkin Katsina Usman Nagogo ma ya yi tattaki har can ya gaishe su. Yawancinsu ba su ga gida ba sai a 1946.

Sunayen nan da suke yi wa harshe nauyi suna nan a ƙofofin barikokinmu. Barikin Kalapanzin da yake nan Kakuri sunan wancan kogi ya ci. Barikin Dalet yana Kawo, na Chindit yana Zariya, na Letmauk yana Ibadan, na Myohaung da na An da na Tamandu da na Arakan suna Legas. Kullum muna wucewa ta gabansu, kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa in ban da na Chindit, kowane ɗaya sunan wurin da aka binne 'yan'uwanmu ne.

Sallama da girmamawa

A 1953 Samanja Chari yana cikin tawagar sojojin da suka wakilci Nijeriya a Landan wajen bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda aka yi ranar 2 ga Yuni. A wannan shekara ya ajiye aiki bayan shekara 36 a Rundunar Nijeriya, ban da waɗanda ya yi wa Jamus, aka kuma ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. A shekarar ce kuma wani ɗan ƙasar Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila da cikakken muƙamin hafsa. Ƙofar da aka rufe wa tsohon ita ce ta buɗe wa yaron, amma da wuya ta buɗe ba don irin shaidar da su Chari suka kafa a fagen fama ba.

Bayan samun mulkin kai, rundunar sojan Nijeriya ta sa wa barikin Lakwaja sunansa. Zaɓin ya dace, domin Lakwaja tana cikin wuraren da rundunar ta fara kafuwa. Daɗin daɗawa, a Lakwajan ne ofishin da yake adana bayanan aikin sojojin ƙasa na Nijeriya yake. Wanda duk ya tashi neman tarihin aikin mahaifinsa ko kakansa, akwai ranar da sunan Chari Maigumeri zai tare shi a bakin ƙofa.

Yadda za mu bi sawun namu

Abin da ya sa muka iya jero wannan tarihi shi ne an rubuta shi. To, yaya za mu yi da na sauran, waɗanda ba a sa wa bariki sunansu ba?

Farkon abin nema shi ne lamba. Mun riga mun ga yadda ake rubuta sunaye: a bataliya ɗaya ana iya samun mutum goma masu suna ɗaya da gari ɗaya, wani ma ba sunansa na gida ya bayar ba, wani kuma ba Bahaushe ba ne amma ya ari sunan Hausa a ƙofar bariki. Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Sojojin Nijeriya na Yaƙin Duniya na Biyu lambarsu takan fara da haruffan NA. Ana samunta a littafin sallama, da takardar fansho, da katin ƙungiyar mazan jiya, wani lokaci har a bayan tsohon hoto. Littafin sallama yakan nuna ranar shiga, da ranar fita, da rukunin da mutum ya yi aiki, da shaidar halinsa.

Na biyu, a duba lambobin yabo in suna nan. Na Yaƙin Duniya na Farko da na bajinta irin MM, an zana suna da lamba da runduna a jikinsu, yawanci a gefen baki. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba su da sunan mai su, amma suna faɗin inda ya je. Tauraron Afirka, mai ƙyalle ruwan yashi da jan ratsi a tsakiya, yana nuna Somaliya da Habasha ko Arewacin Afirka. Tauraron Burma ƙyallensa ja ne a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Wanda yake da duka biyun, hanyar Samanja Chari ya bi.

Na uku, in kakan bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya bincikawa kyauta da suna ko da lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Sai dai ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba sam. Saboda haka rashin ganin suna a rajista ba ya ƙaryata labarin da kaka ta bayar.

Na huɗu, in an san bataliya, an san sauran. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew tana riƙe da littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum a fagen yaƙi, da takardun da aka nemi a ba soja lambar bajinta da su. Ba kasafai littattafan suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma za su gaya maka inda rukuninsa ya kwana a kowace rana. A nan gida kuwa, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna da Gidan Arewa suna ƙetaren gada kawai, akwai kuma gidan tarihin soja a Zariya, da ofisoshin ƙungiyar mazan jiya.

Amma duk waɗannan suna iya jira. Abin da ba ya jira shi ne tsofaffin gida. Mazan da suka je Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma yau sun tsufa. Gwaggon da take tuna sunan jirgin da ya kai mahaifinta Indiya, ko sunan abokinsa da bai dawo ba, ita ce ma'ajiyar da in ta rufe babu mai mabuɗinta. Duk wanda ya zo gida hutun salla ko na Kirsimeti, ya zauna da ita, ya ɗauki muryarta a waya, ya ɗauki hoton kowace takarda kafin gara da damina su gama da ita, ya kuma raba wa 'yan'uwa don kada ta tsaya a hannu ɗaya.

Kammalawa

Chari Maigumeri ya yi wa tutoci biyu aiki, babu tasa a ciki. Ya yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka da Somaliya da Habasha da Burma, ya horar da samarin da suka zama ƙashin bayan sojan Nijeriya mai 'yanci, ya sauka da mutuncinsa. A bayansa akwai dubbai da suka sha rana ɗaya da shi, suka komo suka zama masu gadi da masinjoji da direbobi da 'yan doka da ma'aikatan masaƙa, suka gina unguwannin da muka tashi a cikinsu. Kowace ranar 15 ga Janairu gwamnati takan ajiye furanni don tunawa da su a dunƙule. Kiran kowannensu da sunansa da lambarsa da bataliyarsa kuwa, wannan aikin jikokinsa ne.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu zama masu riƙon tarihinsu.